Ƙasan Allo

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna? In har yanzu tana tura maganin ƙarƙashin matashi tana cewa ta sha, ki gaya mata labari ya iso ni.

Kin yi ƙorafi cewa kullum kika tambaye ni aiki sai in ce saura kaɗan. To, yau ga bayani. Babban kamfanin jiragen sama na fasinja ya gwada mu, ni da abokin ɗakina Dogo, duk mun ci. Amma sun ce ba za su damƙa wa mutum jirgi cike da jama'a ba sai ya tara awa dubu ɗaya da ɗari biyar a sama, kuma sun ba mu zuwa ƙarshen damina. Wanda bai cika ba takardarsa ta mutu, sai ranar da suka sake ɗiban mutane, ranar da babu wanda ya sani. Lasisin nan da kika sa aka yi wa firam, shi kaɗai ko shayi ba zai sayo mini ba.

Shi ya sa muke aiki a wani ɗan kamfani da ke kai magunguna da saƙonni garin masu haƙar ma'adinai, can bayan duwatsu. Jirgi ɗaya ne mai farfela guda, ya girme ni nesa ba kusa ba, matuƙa kuwa mu huɗu. Hanyar ta ratsa ta tsakanin duwatsu biyu, wurin da muke kira Ƙofa. In gari ya yi garau, ko ke kya bi ta. In hadari ya sauko, hancin jirginka ma ba ka gani.

A bangon rumfar jirgin, kusa da butar shayi, Manaja ya kafa allo mai ƙusoshi huɗu daga sama zuwa ƙasa, kowa da ɗan katako mai sunansa. Na sama shi ke tashi, in ya dawo ya koma ƙasa. In ya ƙi tashi, don yanayi ko don injin ya yi masa tari, shi ma ƙasan zai koma, na biye da shi ya ɗauki makulli. Manaja yakan ce shi ba ya tilasta kowa. Gaskiyarsa, allon na yi masa aikin.

Dogo yana gaishe ki. Sai kin ga yadda yake naɗe ƙafafu kamar tabarma kafin ya shiga jirgin. Matarsa na da ciki, ya rantse jaririn ba zai fara ganinsa ba sai cikin farar riga mai igiyoyi a kafaɗa, irin ta matuƙan babban kamfanin.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Ina gaishe ki, ina fatan kowa lafiya. Ni lafiyata ƙalau, ki fara faɗa wa Inna wannan kafin komai.

Dogo ya rasu. Allah Ya jiƙansa.

Ranar sunana ne a saman allo. Na fito na dubi duwatsu, gajimare ya zauna a kan Ƙofa ya ƙi motsi, masu hasashen yanayi kuma suka ce abin ƙaruwa zai yi. Na cire katakona da hannuna na mayar ƙasa. Dogo ke biye da ni. Na ja shi bayan rumfa na ce kada ya je, har zaginsa na yi. Ya yi dariya, ya ce ni na fi shi awoyi, ina da sararin yin tsoro, shi kuwa in ya koma ƙasa damina za ta wuce ta bar shi. Ya ce zai leƙa kawai, in Ƙofa na rufe ya juyo. Kowa haka yake faɗa. Wurin ya yi ƙunci, wanda ya shiga leƙe ba shi da inda zai juya.

Masu haƙar ma'adinai ne suka tarar da jirgin a gefen dutse washegari.

Ni aka tura in kai wa matarsa jakarsa. Ta karɓa, ta ba ni ruwa, ta tambaye ni ko ranar shi ne mai tashi. Na gaya mata yadda aka yi, ban rage komai ba. Ba ta yi mini faɗa ba. Da ma ta yi. Yaya, na san ban yi laifi ba, abin da aka koya mana na yi. Amma takalmansa na nan a ƙarƙashin gadonsa, na kasa taɓa su.

Ki sa shi a addu'a.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, saƙonki ya iso. Kin ce in tattara in dawo gida. In dawo in yi me? In tuƙa wa maigidanki motar kaya ina ɗaga kai duk lokacin da jirgi ya wuce? Ki yi haƙuri da bakina, kwanan nan kowa na shan zafinsa.

Masu bincike sun zo da manyan takalma, sun auna, sun rubuta, sun ce matuƙi ne ya yanke shawarar da ba daidai ba. Ɗayansu ya jingina da allon yana shan shayi, bai tambayi ko na mene ne ba. Manaja ya yi hayar wani jirgin, ya kuma ɗauko sabuwar matuƙiya ta maye gurbin Dogo. Baƙuwa muke kiranta. Bayan katakon Dogo aka juya aka rubuta sunanta, aka rataye ta a bayana.

Hannunta na da kyau, ba ta da yawan magana. Na zaunar da ita na nuna mata Ƙofa a taswira, na ce duk ranar da ba ta ga kan dutsen hagu daga bakin rumfa ba, kada ta taɓa makulli ko da wa ya harare ta. Tun daga nan, in na ƙi tashi sai ta ƙi, sauran biyun ma kunya ta hana su. Manaja ya daina amsa gaisuwata. Wannan ne kaɗai abin da ya yi mini daɗi tun rasuwar.

Sai dai damina na ƙarewa, ranakun da gari ke buɗewa kaɗan ne, mu huɗu muke rabonsu. Na kira babban kamfanin na roƙi ƙarin lokaci. Matar da ta ɗauka ta ce ƙa'ida ce, don tsaron rayuka aka yi ta. Abin da ya rage mini bai wuce zuwa da dawowa sau biyu ba, kuma ina jin tsoro.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Ina gaishe ki da su Inna. Ki faɗa wa Inna ta samu abin da take roƙo, babban kamfanin ya ɗauke ni. Kada ki tara mutane.

Tashi ɗaya na samu cikin rana mai kyau. Na ƙarshen ya faɗo ana jibi wa'adi zai cika, kan dutsen hagu kuwa babu shi babu alamarsa. In na koma ƙasa, layi ba zai sake zagayowa kaina ba. Na ɗauki makulli. Baƙuwa na tsaye da kofi a hannu tana kallona, na wuce kamar ban gan ta ba.

Ba gwaninta ce ta fitar da ni ba, kada kowa ya gaya miki haka. A cikin Ƙofa ban ga komai ba sai fari, har dutse ya bayyana dab da fiffikena, ina iya ganin ciyawar jikinsa. Da na sauka sai da makanike ya zo ya fito da ni daga jirgin.

A babban kamfani wani dattijo ya duba jimillar awoyina, ya miƙo mini hannu, ya ce irinmu masu haƙuri da natsuwa suke nema. Bai tambayi yadda aka samo su ba.

Jiya na koma kwashe kayana. Manaja ya rungume ni a gaban kowa, ya ce ga shi, wanda ya fi kowa tsoro ma ya bi Ƙofa cikin hadari ya fito lafiya, saura kuma wa ke da uzuri? Gari ya haɗe kamar ranar Dogo, Baƙuwa ce a saman allo. Ta daɗe tana duban wajen duwatsu, sannan ta juyo ta dube ni. Na buɗe baki, Yaya, na rasa da wace fuska zan hana ta. Ta ɗauki makulli.

Motar da na hau ta tashi kafin lokacin dawowar Baƙuwa. Ga lambar wayar rumfar a hannuna tun jiya, na kasa kira.

Ƙaninki,
Auta