Jita Ɗaya Tak ta Bahago

Ya Bahagona, sanyin idona, inuwar da nake fakewa in rana ta take, ruwan farko da ke sauka a kan busasshiyar zuciyata! Ina gaishe ka gaisuwar wadda abinci ya daina yi mata ɗanɗano. Ka yi haƙuri da rubutun nan, a kan teburin guga nake yin sa.

Ƙanwarka ta faɗa mini. Kada ka yi mata faɗa, ni na matsa mata lamba. Ta ce ka amsa wa kawunka, ranar Lahadi za ka bi shi tuƙin babbar mota, wai ka ce kai da kiɗa har abada. Kai? Kai da kiɗa? Tun da ɓarayi suka fasa ɗakin gwajin kiɗanku suka kwashe jitarka da amfilifayarka mai ƙara mata sauti nake kallon ka. Ka daina dariya. Kana zaune, yatsunka suna yawo su kaɗai a kan gwiwarka suna latsa tsirkiyar da babu. Na ce baƙin ciki ne, zai wuce. Ashe shirin tafiya kake yi, ka bar ni in ji a bakin wata.

Ka tuna ranar da na fara jin ka? Shagon wankinmu a ƙasa, ɗakin gwajinku a sama. Ina goge farar rigar wani malamin makaranta, sai wani sauti ya sauko ta rufi, siriri, mai kama da kuka, ya riƙe ni a ƙirji. Na saki baki na tsaya, sai ƙauri na ji. Riga ta tafi! Na hau bene da niyyar zazzage wa mai kiɗan nan masifa, na tarar da kai ka rungume jita a juye, wuyanta yana kallon inda na kowa ba ya kallo. Ka ɗago ka yi murmushi, masifar ta narke mini a baki. Har yau uwar ɗakina ba ta daina tsokana ta da rigar nan ba.

To, ga abin da na yi, hasken idona. Na kwashe ɗan abin da na tara na tafi shagon kayan kiɗa na bayan tasha, da nufin in saya maka jita mai wuta da amfilifaya daidai ƙarfina. Wayyo ni! Na shiga na tarar da jitoci rataye a bango reras, ja, baƙa, mai ruwan zuma, kaina ya juya. Mai shagon, wani dattijo mai furfura a gemu, ya tambaye ni irin kiɗan da kake yi, na ce masa mai daɗi. Ya tambaya ko sauti mai tsabta kake so ko mai gurnani, na ce duk wanda ya fi. Ya yi dariya har da tari. Ya sauko da wasu ya jona ya kaɗa mini ɗaya bayan ɗaya, wallahi duk abu ɗaya na ji. Kunnena kai kaɗai ya sani, me zan yi masa?

Can na tuna na ce masa kai bahago ne, sai ya mayar da su duka bango. Ashe masu araha kusan duk na masu hannun dama ne! Ya ce ana iya juya tsirkiyoyin, amma maɓallan murɗa sauti za su koma sama suna gogar hannunka, kana tsakiyar waƙa sauti ya mutu. Ya shiga ciki ya yi ta bincike, ya fito da guda ɗaya tak ta bahago, shuɗiya, ta hannu, da tabo a gefenta. Wuyanta ya ɗan lanƙwashe. Ko za ta gyaru ko ba za ta gyaru ba, ya ce sai mai ita ya ji da yatsunsa, don shi kansa in ya riƙe ta hannunsa rikicewa yake yi.

Amfilifaya kuwa biyu ne kuɗina zai iya kaiwa, kuma ɗaya zan ɗauka. Akwai ƙarama sabuwa, muryarta tas, amma da mai ganga ya fara duka ba wanda zai ji ka. Akwai babba tsohuwa da za ta cika zauren biki, sai dai ko ba a taɓa komai ba tana wani zuuu kamar an kulle ƙudan zuma a kwali. Kuma abin da ya fita daga shagon ba ya dawowa. Wace zan ɗauka? Wa zan tambaya, alhali wanda ya sani ya daina ɗaga wayata? Na tsaya tsakaninsu ina kallon wannan ina kallon waccan har hawaye suka zubo mini a gaban mutane. Dattijon ya jawo mini kujera.

Na san ba su kai naka na da ba. Na san girman kanka, za ka ce ba ka karɓar abu daga hannun mai guga. Ba na hana ka neman abinci, kuma ban ce kawu ya yi laifi ba. Tsoro nake ji, masoyina, tsoro ƙwarai. In ka tafi a haka, mutumin da zai sauko daga motar nan wata rana da fuskarka zai zo, amma ba kai ba ne, ni kuwa kai nake so. Dattijon ya yi mini alkawarin ajiye shuɗiyar har ranar Asabar, don wani ma ya zo ya taya. Don Allah, don darajar iyayenka, ka zo ka riƙe ta ko sau ɗaya. In yatsunka suka ƙi ta, na haƙura, da kaina zan raka ka wurin kawu.

In kuma ba ka zo ba, zan saye ta duk da haka, kuma na san amfilifayar da ba ta dace ba zan ɗauko. An ce tsirkiya in ba a taɓa ta tsatsa take yi. Ba zan bari ba. Kullum na tashi aiki zan jona ta, in kaɗa da hannun da bai iya ba, in addabi maƙwabta, har labari ya iske ka a hanya cewa ana wulaƙanta jitar bahago a unguwarku, ka dawo a fusace ka ƙwace ta daga hannuna. Ba ni da wata dabara, rabin raina, wannan kaɗai ta rage mini.

Taka ce ni, ko ka zo ko ba ka zo ba, har ranar da numfashi zai ƙare,

Mai gugarka.