Hannun Surukina a Ƙirjin Mijina

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara. Abin da ke faruwa a gidana ko mahaifiyata na kasa faɗa wa, kuma ki yi haƙuri in kin ga ina kwan-gaba kwan-baya, kaina ba a zaune yake ba.

Bara aka yi wa maigidana aikin zuciya. Jijiyoyin da ke kai wa zuciyar jini ne suka toshe, sai likitoci suka ciro wata jijiya daga hannunsa na hagu suka dasa masa a ƙirji. Tabon yana nan, tun daga wuyan hannu har kusa da gwiwar hannu. Ya warke sumul, har muna tsokanarsa wai an dawo mana da shi sabo a leda.

To, ranar da surukina, mahaifin maigidan, ya rasu, shekarun baya, wannan wuyan hannun ya riƙe. Ina tsaye a ɗakin. Akwai ɓacin rai tsakaninsu da ba su ƙarasa sasantawa ba, tsohon ya buɗe baki zai yi magana, rai ya yi halinsa. Bai saki hannun ba, sai da aka ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Maigidan yana da ɗakin sanyi inda ake ajiye kifi da kaji. Tun da ya koma aiki, da zarar ya tura ƙofar nan mai nauyi sanyi ya buge shi, sai ya tsaya cak. Ya ce hannu ne ke damƙe masa zuciya ta ciki, riƙo irin na ranar nan, har yana nuna min inda babban yatsan yake. Na gani da idona ranar da na kai masa abincin rana. Yana tsaye tsakanin kwalayen kifi, fuska ta yi toka-toka, gumi na tsattsafo masa a wurin da ruwa ke daskarewa, leɓɓansa na motsi yana roƙon Baba ya sake shi. Can abin ya lafa, ya ci gaba da aiki kamar ba shi ba. Na kama hannun na hagu ina laluben bugun jini a inda kowa ke da shi. Anti, babu. Na dama yana bugawa, wannan kuwa shiru kamar na taɓa katako.

Na ce mu koma asibiti, ya ƙi, wai ba ciwon asibiti ba ne. Ni ma na fara yarda, domin jikinsa ƙalau. Har wani magani aka ajiye kafin ya koma aikin. Yayansa ne, mai fama da hawan jini, ya zo gaishe shi ya ga kwalin, ya ce irin nasa ne sak. Ya ɗauko na'urar awonsa daga mota ya gwada maigidan, jini lafiya lau. Ya yi ta faɗa, wai an ɗora wa mai lafiya maganin masu hawan jini, shi ya sa ƙafafunsa ke kumbura. Da aka bari kuwa kumburin ya sace. Sauran magungunan yana sha. Sai dai ina jin warin taba a rigarsa, ya ce na masu dako ne, kamar ba ni na saba wanke kayansa tun kafin ya ce ya daina shanta ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne ya daina roƙon a sake shi. Yanzu in abin ya zo sai ya sunkuyar da kai yana cewa to, to, kamar wanda ake yi wa magana. Ya miƙa wa abokin kasuwancinsa makullin shago, ya ba ƙanensa takalmansa masu kyau. Tsoro nake ji, Anti. Shin mamaci yana iya riƙe mutum haka?

Matar mai ɗakin sanyi

*

'Yar'uwa, na karanta wasiƙarki, sai na kai ta wurin wata likitar zuciya. Tana zuwa kan labarin Yaya da na'urarsa ta ajiye takardar ta riƙe baki.

Ga bayaninta. Jijiyar hannu tana da tsoka a jikinta, kuma tsukewa ɗabi'arta ce, ba ta dainawa don an mayar da ita ƙirji. Daga cikin abubuwan da ke sa ta tsuke akwai sanyi mai tsanani, da taba, da tsoro ko ɓacin rai, har da wasu magungunan mura masu buɗe hanci. In ta tsuke, jini ya ragu wa zuciya, mutum ya ji kamar an damƙe shi, in ta saki ya ji sauƙi. Shi ya sa bayan irin wannan aiki sau da yawa akan ba da wani magani da masu hawan jini ma suke sha, don jijiyar ta zauna a sake. Mai yiwuwa shi ne wanda kuka ajiye. Bugun da kika rasa kuwa, ai jijiyar da ke bugawa a wurin ce aka cire, wata ce ke ciyar da hannun yanzu.

Ban ce mijinki ƙarya yake yi ba. Ciwon gaskiya ne, kewar uban da bai samu yafiyarsa da baki ba ita ma gaskiya ce, kuma shi kansa tsoron yana ƙara tsuke jijiyar. Ku yi wa tsohon addu'a da sadaka, zuciyar maigidan za ta yi sanyi. Yaya ma da kyakkyawar niyya ya yi, kumburin da ya gani ba ƙage ba ne, amma likita ake kai wa wannan ƙorafin ya sauya magani.

Ni da likitar ba mu ga mijinki ba. Tana iya yiwuwa toshewa ce ba tsukewa ba, kuma kowacce ce tana iya kashe mutum. Kada ya sake shiga ɗakin sanyin, kada kuma ku mayar da shi kan maganin da kanku. Ki ɗauki kwalin, ki faɗa wa likitansa komai, har da tabar, ko da maigidan zai yi fushi.

Yau za ku tafi, kada ki jira ya yarda. Mutumin da ya fara rabon takalmansa ba zai kai kansa asibiti ba. Ki kira Yaya ki karanta masa wannan amsa. Mijinki ya ji maganarsa ya ajiye magani, zai ji maganarsa ya shiga mota.

Allah ya jiƙan surukinki, ya ba maigida lafiya, ya bar miki shi.