Ranar da Wayata Ta Juya Faransanci

Sabon Birni,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga ɗana Hafizullahi,

Bayan sallama irin ta Musulunci, ina fata wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara maka buɗi a aikinka na Legas, ya tsare ka daga sharrin gari. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Mahaifiyarka, yayata Uwa, ƙafarta ta yi sauƙi, har gidan suna take zuwa da kanta. Gero ya yi kyau bana a gonar Turba, dawa ce ta ɗan sha ƙishi. Hanya kuwa ka san yadda take, ba mu yarda la'asar ta same mu a daji.

Uwa ta ce mini aikinka shi ne gina shafukan da ake karatu da su ta waya. Da na ji haka na ce ashe mai laifin ɗan gida ne, shi ya sa na ɗauki biro. Ka san ƙanwarka Naja'atu, ɗiyata, tana koyarwa a wata firamare a Isa. An ce musu duk malamin wucin gadi da bai kammala wani kwas ta intanet ba, ba za a sabunta masa aiki ba. Mako shida tana fama. Rubutun ƙanana kamar ƙwayar gero, bidiyo yana shanye data kafin malamin ya gama gaisuwa, shafin kuma sai ta ja shi dama ta ja shi hagu kamar mai shimfiɗa tabarma a ƙaramin ɗaki. Duk da haka ta kai ƙarshe, ta rubuta amsoshinta, saura ta aika kafin azahar ɗin Alhamis. Ta nemi madannin aikawa sama da ƙasa, babu shi. Ran Laraba kuma sabis ya ɗauke a garin nan gaba ɗaya. Na ji tana gaya wa uwarta Saude cewa ta haƙura, za ta koma ɗinki. Na ce ba a gidana ba. Ni da na fara da buhu guda a bayan keke, ba waya ce za ta kayar da ɗiyata ba.

Da safe na goya ta a babur muka nufi wajen Burkusuma, gindin wata tsamiya a kan tudu inda mu 'yan kasuwa ke kama sabis na Nijar. Na ba ta wayata, wadda na saya a Maraɗi da layin can. Ta shiga da sunanta, ga amsoshinta nan yadda ta bar su, amma shafin duk ya koma Faransanci. Wajen miƙo mini in gani sai wayar ta kwanta a gicciye, sai ga madannai biyu sun fito a can ƙasa, kusa da juna, launinsu ɗaya, kowanne bai kai ƙwayar wake ba. Naja'atu, mai takardar koyarwa da Turanci a baki, ta tsaya tana kallona. Ni aji uku na sakandare na tsaya, amma shekara ashirin da biyu ina kai wake Maraɗi. Na hagu an rubuta Envoyer, kalmar da nake gani kullum a tasha inda ake aika saƙo. Na dama ban san shi ba, kuma ban gaya mata ban sani ba. Ta tambaye ni har sau biyu ko na tabbata. Na ce mata, "Na hagu ne. In ya ɓaci, ki ɗora a kaina." Ta ce to in danna da kaina, na ɗora babban yatsana sai ya rufe su duka biyu. Ita ta danna da ɗan ƙaramin yatsanta. Abin ya yi ta juyawa, sannan ya yi kore, alamar amsoshin sun tafi.

Daga baya na tambayi abokina Labbo, wanda ya yi boko a Nijar, ya ce ɗaya kalmar ma'anarta gogewa. Tun ranar nake juya abin a raina, kuma kai nake so ka warware mini. Mi ya sa za a ajiye aikawa da gogewa kafaɗa da kafaɗa, kamar a ɗaure akuya kusa da kura? Ta yaya shafin ya san mun matso Nijar har ya sauya harshe, amma bai san wayar Naja'atu ƙarama ce ba? Wanda ya iya Faransanci cikin ƙiftawar ido, mi ya hana shi Hausa? Kuma ba za a iya sauke darasi da murya kawai ba, mutum ya saurara ko babu sabis? Ina zargin ku masu ginawa a kan kwamfuta kuke gwadawa, ƙarƙashin fanka. Ɗana, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Jiya Asabar saƙo ya shigo, sunan Naja'atu yana cikin waɗanda suka ci, gobe tana aji. Ni ma, kada ka gaya wa Labbo, na sa ta yi mini rajistar wani kwas na ajiyar hatsi. Na kai darasi na biyu na maƙale, don madannin ci gaba ya ƙi jin yatsana. Ba za ni bari ba. In za ka zo da babbar Sallah, ka zo da abin da kake ginawa a gwada shi a hannuna kafin ku sake shi. In ya karɓi yatsan kawunka, zai karɓi na kowa daga nan har Bafarawa.

Ka gaida matarka Hadiyya da ƙaramar Nusaiba. Uwa da Saude suna gaishe ku, Naja'atu kuma ta ce a gaya maka ita ce za ta ba ka maki.

Ni ne kawunka,
Dalhatu Kalilu, mai wake.