Jan Lutaaya

Zuwa ga mahaifina, Taata Lutaaya, a garin Masaka.

Ina gaishe ka a durƙushe. Ya ciwon kafaɗar? Ya Maama da ayabarta? Ni lafiya lau nake a Helsinki. Sanyi ne kawai, rana kuma ba ta cika leƙowa ba, amma ina cin abinci, ko da yake ba matoke ba ne, dafaffiyar ayabar nan tamu ta gida.

Alƙalamin da muke ƙerawa a makaranta ya fara aiki. Da ka dangwala bakinsa a jikin abu sai ya ɗauki launin, mai zane ya zana da shi. Sai dai ya kunyata ni. Na gwada shi a ƙyallen ɓawon itacen da ka buga mini, maimakon jan ƙyallen sai ya fito da kalar laka. Malamarmu ta ce in bai gyaru ba, ba za shi baje koli ba.

Don Allah ka aiko mini da manyan ƙyallaye, wanda ya sha rana sosai da wanda bai sha ba, in koya masa bambancin. Tunda da irinsu ake naɗe gawa a gida, ka gaya wa Maama tun kafin ta ɗora hannu a ka, ba likkafani nake nema ba, babu wanda ya mutu!

Jiya da na sake gwadawa, ya kusa kamo jan nan naka. Malamar ta ce, “Me ake kiran wannan launi?” Na ce, “Lutaaya.” Ta rubuta.

Kai da kake cewa tare da sana'arka za a binne ka, Allah ya ƙara maka lafiya, ka ci gaba da bugu.

'Yarka,
Nakiwala