Gyaran Auta

Litinin, 3 ga Maris
Na sabunta kwamfutar shago da safe kamar kullum, sai firinta ta ƙi aiki. Maigida ya leƙo: "Kai dai da wannan manhajar gwaji taka! Ka saka wadda aka gama mana, ka huta." Ba zai gane ba. Shekara shida ina kanta. Kowa na iya buɗe cikinta ya gyara, kullum sabon abu na shigowa, idan ya ɓaci mu ke kai rahoto.

Laraba, 5 ga Maris
Kwana biyu ina fama. Autarmu ta zo karɓar makullin gida, ta zauna a kujerata, kafin in shanye shayina ta gano layin da ya lalace a rubutun manhajar. Auta fa! Ni na saka mata manhajar nan bara, lokacin ko kashe kwamfuta ba ta iya ba.

Asabar, 8 ga Maris
Ta tura gyaran, masu kula da manhajar sun karɓa, har da godiya. Ni rahotona arba'in da ɗaya, iyakar amsarsu "mun gani". Mama ba ta san me ake ciki ba, amma ta ce, "Ashe Auta ce mai ƙwaƙwalwar gidan nan." Na yi dariya. Abincin bai shiga ba.

Talata, 11 ga Maris
Na gwada gyaran nata a tsohuwar firintar bayan shago. Takarda ta fito baƙa ƙirin. Allah ya yafe min, har murmushi na yi.

Laraba, 12 ga Maris
Na rubuta rahoto kan matsalar gyaran nata don dandalin da kowa ke gani. Da hoto. Na ƙara, "Da ma an tambayi waɗanda suka daɗe." Ban tura ba tukuna.

Alhamis, 13 ga Maris
Auta ta kira. Wai masu manhajar za su ba ta kula da ɓangaren firinta. "Yaya, tsoro nake ji. Idan na ɓata wa mutane aiki fa? Za ka riƙa duba min?" Na ce zan gani.

Juma'a, 14 ga Maris
Na goge layin nan na ƙarshe a rahoton. Sauran na tura mata a waya, ita kaɗai. Ta zo da rana, muka ja kujeru gaban tsohuwar firintar. Ita ta sake gano matsalar kafin ni. Na jira kishin nan ya taso min a ƙirji. Ya taso, amma kaɗan.

Da takarda ta fito fes, wani ya yi ihu a shagon. Ta ce wai ni ne. Ni dai ban tuna ba.