Minti Arba'in Ne Nisan Naka

Ya sanyin idanuna, tauraron asubahina, inuwata a tsakar rana, jarumin da tafiyar minti arba'in ta kayar!

Ina gaishe ka daga bangon duniya, tunda can ka mayar da filin jirginmu. Nisa! Kullum a waya, nisa! Kai da kake loda akwatuna a ɗan jirgin nan da hannunka, ni kuma in hau in share shi a nan tun gumin goshinka bai bushe ba, ni za ka yi wa zancen nisa? Jiya wani fasinja ya sayo shayi a filinku ya manta da shi a ƙarƙashin kujera, da ɗuminsa na zubar. 'Yan tsaki masu kwana ɗaya a duniya a kwali suke iso mana, suna ta tsuwa, ko ɗaya bai suma ba. Ɗan tsako ya fi masoyina zuciya! Ina zan kai wannan abin kunya?

Ka tuna lokacin da kake ba ma'aikaciyar jirgi cakulan ta saka min a aljihun kujerar ƙarshe? In zura hannu in same ta ko narkewa ba ta yi ba, in ƙarasa shara ina murmushi kamar wata sabuwar mahaukaciya. Har yau ban daina zura hannun ba, don ka san irin wautata. Ledar amai nake tararwa, wani lokacin da cingam ɗin da wani ya tauna.

Kujerar ma'aikata kyauta ce gare ka, ranka ya daɗe, balle ka ce kuɗin tikiti ne ya hana ka. Matuƙin ma yana zuwa ya koma, ya sake dawowa, kuma a gidansa yake cin abincin rana. Mama ta daina tambayata yaushe za ka zo gaishe ta, sai dai ta dube ni ta kawar da kai. Wallahi shirun nan nata ya fi zagi ciwo.

To saurara, zumar raina. Shugabarmu ta ce akwai gurbin aiki a wani babban filin jirgi can, mai tafiyar awa shida har da canjin jirgi, kuma ranar Asabar take son amsa. Ranar zan tsaya a gindin matakalar jirgin da tsintsiyata in ƙare wa masu sauka kallo. In kana cikinsu, zan ce mata a'a, in yafe maka komai, don ina sonka, Allah ya isa tsakanina da wannan zuciya. In ba ka ciki, zan ce e. Sai in ba ka nisa na gaske, ko ka huta da yi min ƙarya.

Taka har ƙarshen numfashi, daga minti arba'in ko daga awa shida, wannan kuma kai za ka zaɓa.