Haruffan da Suka Kumbura

Litinin, 3 ga Maris
Yau ma na tarar haruffan kwamfutarmu ta ofis sun kumbura, kowanne ya kai kan yatsa. Wasiƙa mai layi goma, sai na yi ta gangarawa kafin in ga wurin sa hannu. Kwamfuta ɗaya ce mu biyu: Baba, dattijon abokin aikina mai buga takardu, da safe, ni daga ƙarfe ɗaya. Na kashe na kunna, shiru. Minti ashirin na ɓata kafin in mayar da su daidai.

Laraba, 5 ga Maris
Sun sake. Na tare Baba yana sa hula zai fita, na ce, "Baba, ka taɓa wani abu ne?" Ya ce, "Ni da kike gani, 'yata, me na sani a ciki?" Bai dube ni ba. Ni kuwa da raina ya ɓaci na ce akwatin nan ya tsufa, abin da ya tsufa kuma a canza shi kawai a huta. Ya yi 'yar dariya ya fita.

Alhamis, 6 ga Maris
Na kai ƙara wurin Manaja, na ce bairos ne, cutar nan ta kwamfuta. Har da rantsuwa, sai ka ce na gan shi da idona. Ya ce mai gyara zai zo ran Litinin.

Litinin, 10 ga Maris
Ban so rubuta wannan ba.

Mai gyara ya zo daidai lokacin da Baba ke miƙa mini kujera. Ko minti biyar bai yi ba ya ce babu wani bairos. Wai mutum ne ke danne maɓallin da ke kusurwar hagu yana murza tayar maus, wato linzamin kwamfutar, sai rubutu ya girma. "Masu ciwon ido sun fi yin haka," in ji shi, yana tattara wayoyinsa.

Manaja ya ce, "Waye ba ya gani a nan?"

Bara Manaja ya sallami direbanmu a kan ido, kowa ya sani. Na waiwaya na ga Baba ya ƙura wa takalminsa ido. Mutumin da ya koya mini inda ake aza yatsu a kibod shekara tara da suka wuce. Shi na tsaya a gabansa na ce abin da ya tsufa a canza shi. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Na ce ni ce, gwiwar hannuna ke danne maɓallin ban sani ba. Manaja ya ce, "Ke kika ɓata, ke kika kawo ƙara?" Ofis ya ɗauki dariya. Wannan kunyar ta fi mini sauƙi.

Talata, 11 ga Maris
Haruffa ƙanana lafiya lau. Na shigo na sami Baba hancinsa na neman taɓa gilashin kwamfutar, idonsa na ruwa. Wasiƙa ɗaya kuskure bakwai, shi da ba a taɓa dawo masa da takarda ba. Na gyara kafin ta kai teburin Manaja. Ni na jawo masa.

Alhamis, 13 ga Maris
Na ce, "Baba, yayata ta san wani likitan ido mai kirki." Ya ce idonsa ƙalau. Amma ya karɓi takardar da na rubuta lambar, ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu. Haƙurin da na shirya bayarwa tun a hanya har ya fita ban bayar ba.

Juma'a, 14 ga Maris
Kafin in tashi na danne maɓallin, na murza tayar sau uku. Ƙananan nan dama suna sa mini ciwon kai.

Litinin, 17 ga Maris
Na tarar da haruffan manya yadda na bar su. Wasiƙun Baba shida, babu kuskure ko ɗaya. Ya goge mini kujera da hankicinsa, na zauna.

Ban rage su ba, gangarawa ai ba wani aiki ba ne. Manaja ya wuce ta bayana ya ce, "Har yanzu gwiwar hannun ce?" Na ce ita ce.